Goran Waken Gwaggo a Damargu

Mun tashi da asuba daga Damagaram, ni da ko a mafarki ba na buɗe shagona na kayan babur kafin hantsi. Mu uku ne a motar: direba, da maƙwabciyata wadda malamar gona ce, aikinta binciken ƙasa, sai ni ɗan raɓe a kujerar baya, tsakanin ledoji da wani dogon ƙarfe na haƙa. Ita aiki ne zai kai ta Tanut da Balbeji, za ta ɗebo ƙasar gonaki. Ni kuwa, jama'a, wake ne ya tashe ni.

Bari in yi bayani kafin ku ce kwaɗayi ne, ko da yake ba zan rantse babu shi ba. Ina da gwaggo, yayar mahaifina, a wani ƙauye kusa da Ollelewa. Tana da wani irin wake da ta gada wajen kakarmu, ɗan ƙarami ja, mai saurin nuna a gona da saurin dahuwa a tukunya. Mutanen garin duk sun koma irin kasuwa, ita kaɗai ta riƙe shi. Kowace shekara tana shuka shi a gayaunarta, wato ɗan yankin da aka yanka mata a gefen gandun gidan, wanda duk abin da ya fito a cikinsa nata ne. Bana da ruwan farko ta shuka rabin irin. Ya tsiro lafiya lau, sai da ya fara ganye sannan gefen ganyen ya yi rawaya, ya ƙone, ya kwanta. Abin da ya rage mata gora ɗaya ne. Ta kira ni a talho ta ce da zarar ruwa ya sake sauka za ta zuba sauran a wurin, in ya mutu, to ƙarshen waken kakarmu ke nan a duniya.

Da na ba maƙwabciyata labari, abu biyu ta tambaye ni: yadda ganyen ya fara mutuwa, da abin da aka fesa a gonar bara. Na farkon na sani. Na biyun sai da na kira taubashina, ɗan Gwaggo, wanda shi ke riƙe da gandun. Ya ce bara dawa suka yi, ya fesa maganin ciyawa a gonar gaba ɗaya har da gayaunar, don ya hutar da tsohuwa noma. Amma ya ce kada a ɗora wa magani laifi, domin ga nasa waken na kasuwa can a tsakiyar gandu yana ta yaɗo, alhali magani ɗaya aka fesa ko'ina. Malama ta ce ruwa ba ya tsami banza, a ce wa Gwaggo ta dakata har mu zo. Na isar da saƙo. Gwaggo ta ce ta ji, amma damina ba ta jiran 'yan birni.

Muka miƙi hanyar arewa, wadda ke ratsa ƙasar Damargu zuwa Agadas. Wanda ya san Damargu da rani kawai, wallahi bai san ta ba. Gari na wayewa muka ga ƙasa ta yi shar, hatsi ya kai idon sawu, layi-layi har inda ido ya gaji. Maza da mata sun riga rana fita, kowa da hauyarsa mai doguwar ƙota, suna tura ta a tsaye suna tafiya sannu kamar ba aiki suke ba. Ni da nake haki in na ɗaga batirin babur, sai na gyara zama kawai. A shingen jandarmomi ɗayansu ya leƙo, ya ga dogon ƙarfen nan, ya tambaya ko zinariya za mu nema. Malama ta ce a'a, ƙasa kawai. Ya miƙo mana takardunmu yana dariya, ya ce ƙasa kam akwai ta, mu ɗiba son ranmu.

A Bakin Birji muka karya kumallo da ƙosai da shayi. Ƙosan nan ba irin namu na birni ba ne da rabinsa iska ce, in ka ci kaɗan sai ka ji ka zauna da gindinka. Kaɗan gaba muka wuce mararrabar da ke shiga wajen su Gwaggo. Na bi ta da kallo har ta ɓace, amma ana jiran Malama a Tanut, kuma wanda aka rage wa hanya ba ya zaɓa wa direba inda zai bi. Sai na riƙa kallon gabas ina addu'ar da ban taɓa yi ba tun da aka haife ni, wato Allah ya ɗan jinkirta ruwa.

Tanut na zaune a gindin jan tudu, kuma abin da ya fara ɗaukar idona shi ne jakuna da amalanke ɗauke da jarkoki. Ruwa a garin nan abu ne mai daraja, in aka miƙo maka kofi ba ka kuskure baki da rabinsa. Yayin da Malama ke ganawa da abokan aikinta, na zaga kasuwa. Ga Buzaye da rawunansu, ga Fulani, ga matan da suka zo daga wajen Tenhiya da cuku jere a kan tabarma, fari fat, busasshe. Abin da zai saya maka ɗaya a Damagaram a nan sai ya ba ka biyu har da gyara. Tumatir da albasa kuwa sai ka ce daga Makka aka kawo su. Hatsi ma ya hau, kamar kowace damina kafin sabo ya fito, amma ban ji mai kuka ba, kowa zancen ruwa yake. Na sayi cukun da na ce tsaraba ce, ban san yadda aka yi ya ƙare kafin mu kwana ba.

Washegari muka bar kwalta muka nufi yamma. A nan na fara ganin aikin maƙwabciyata da idona, ni da a da nake zaton zaman ofis kawai suke yi ana kaɗa musu fanka. Duk inda ta ce a tsaya, sai ta fara neman mai gonar ta gaishe shi, ta tambaye shi abin da ya shuka bara da bara waccan, kafin ta taɓa ƙasarsa. Sannan ta murɗa ƙarfen nan ta fito da ƙasa, ta shinshina, ta jiƙa kaɗan ta murza a tafin hannu. In ta yi tsawo kamar taliya ba ta karye ba, ta ce laka ta yi yawa. In ta wargaje, jigawa ce. Tana da wata 'yar na'ura kamar biro da take tsomawa a cikin ƙasar da ta dama da ruwa. Na tambaye ta me biron ke gaya mata.

Ta ce ƙasa ma kamar miya take, wata na da tsami, wata kuma kanwa ta yi mata yawa, kuma abin da biron ke aunawa ke nan. Ita laka, in ji ta, ba dunƙule ba ce kamar yadda muke gani. Falle-falle ce sirara waɗanda ido ba ya gani, kowanne yana jan abin da ya raɓe shi. Irin maganin da taubashina ya fesa, in ya sauka a ƙasa mai ɗan tsami, tsamin kan sauya shi ya manne wa laka kamar ƙarangiya a bakin zane. In ya manne, saiwar shuka ba ta samunsa da yawa, kuma yana nan a maƙale, tsamin tare da ƙananan halittun ƙasa za su cinye shi a hankali. In kuwa babu tsamin, laka ba ta riƙe shi. Sai ya zauna a sake cikin danshin ƙasa, ya daɗe bai lalace ba, musamman inda ruwan sama bai da yawa. Dawa na jure shi, wake ba ya jurewa. Ta ja mini kunne kada in je shago ina yi wa mutane wa'azi, domin ba kowane magani ne ke da wannan hali ba. Na ce to ai gona ɗaya ce, me zai sa gefe ya kashe wake, tsakiya ta raya shi? Ta ce abin da take so ta gani ke nan.

Mun isa Balbeji ranar kasuwa. Ban taɓa ganin raƙuma da yawa haka a wuri ɗaya ba, ga shanu masu jan jiki da dogayen ƙahoni, ga dillalai suna ciniki da hannu a ƙarƙashin riga ba ka jin ko tari. Mai masaukinmu, wani manomi da Malama ta taɓa yi wa aiki, ya sa aka kawo tuwon hatsi da miyar kuka, man shanu na yawo a kai, da ƙwaryar nono wadda ludayi ke tsayawa a cikinta. Ina cikin yi wa tuwon nan adalci, bayan la'asar, sai iska ta juya. Gabas ta yi baƙi ƙirin. Kafin magariba ruwa ya tsuge kamar da bakin ƙwarya. Gari duka ya ɗauki murna, mai masaukinmu na ta hamdala, ni kaɗai na zauna da loma a hannu na kasa kai ta baki. Na kira taubashina ya fi a ƙirga, layi ya ƙi shiga.

Da gari ya waye Malama ta dube ni. Akwai sauran gonakin da za ta ɗiba a wajen Balbeji, amma ta ce wa direba ya juya, gonaki ba za su gudu ba, ta dawo musu wani makon. Ban roƙe ta ba, kuma har yau ban san da bakin da zan gode mata ba.

Muka yanki daji ta ɓangaren Falanko. Direban nan, Allah ya yi masa albarka, yana karanta taɓo kamar yadda nake karanta ciwon injin. Ya san inda zai taka da gudu, ya san inda zai bi sawun amalanke. Duk da haka a wani kwari laka ta kama mu, ta riƙe tayoyin baya gam. Na ce wa Malama ashe ba magani kaɗai laka take riƙewa ba. Wasu manoma suka ajiye shukarsu suka zo suka tura mu, suka yi mana fatan sauka lafiya, suka koma bakin aikinsu ko sunanmu ba su tambaya ba. Duk inda muka wuce mutane ne a duƙe suna shuka, kuma duk wanda na gani sai in tuna Gwaggo da goranta.

Mun tarar da ƙauyen fayau, kowa na gona. Muka bar mota muka taka. Tun daga nesa na hango su: taubashina a gaba yana sara ramuka da sungumi, Gwaggo a baya, gora a hammata, tana jefa iri tana rufewa da diddige. Ta riga ta zuba 'yan layuka. Na ruga ina kiranta, takalmina ɗaya ya tsaya a taɓo.

Ta ɗago ta dube ni sama da ƙasa. "Kai kuma lafiya? Ko gobara aka yi a birnin?"

Taubashina ya ce, "Ƙyale shi, Inna, ƙamshin wake ya jiyo."

Malama ta ƙaraso, ta durƙusa har ƙasa ta gaishe ta, ta yi mata barka da ruwa, ta tambayi jikoki ɗaya bayan ɗaya kamar ta san su. Sai da Gwaggo ta saki fuska sannan ta ɗebi ƙasar gayaunar a hannu. Ko ni da ban san komai ba na ga bambanci. Ƙasar baƙa ce, mai laushi, ta gandun kuwa ja ce mai tauri. Malama ta ce, "Inna, wannan ƙasa ta sha hidima. Me kike ba ta?"

Nan fa Gwaggo ta gyara tsayuwa. Ta ce tun da aka kawo ta gidan nan tana amarya, tokar murhunta ba ta taɓa zuwa juji ba, kullum nan take kawo ta. Ban da wannan, ita ce mai tokar miya a garin. Da kaka takan ƙona karan hatsi ta tace, ta dafa ruwan har ya daskare, dusar da ta rage kuma duk a nan take juye ta. Ta nuna gandun da haɓa ta ce waccan jar ƙasar ta malalata ce.

Malama ta dama ƙasar wuri biyun, ta tsoma bironta, ta faɗi abin da ta gani. Gwaggo ta ce ita ba ta jin yaren biro. Da wata ce da ta ji haushi, amma Malama sai ta yi dariya ta tambaya ko akwai zoɓorodo a gida. Matar taubashina ta je ta kawo, tare da ƙoƙuna biyu da ruwan saman da suka tara jiya. Aka jiƙa zoɓon ya yi ja kaɗan, ba mai kauri ba. Malama ta dama ƙasar gandu a ƙoƙo ɗaya, ta gayauna a ɗayan, ta bari suka kwanta, sannan ta miƙa wa Gwaggo ruwan zoɓon ta ce ta zuba da hannunta. Na gandun ya tsaya da jansa. Na gayaunar kuwa muna kallo ya dushe, ya koma wani baƙi-baƙi mai ratsin kore.

Gwaggo ta ce, "Wannan ai kanwa ce ta faɗa ciki."

"Ita ce, Inna. Tokar ce ta kashe tsamin ƙasarki. Da ba a yi feshi ba, ba za ki ga haka ba, ga shi shekara da shekaru kina cin wakenki. Amma maganin da aka fesa bara, ƙasar gandu ta kama shi ta riƙe, taki kuwa ta sake shi yana yawo, shi waken ya sha." Ta ƙara da cewa ba za ta rantse ba sai ta kai ƙasar an bincika, amma yadda ganyen ya mutu, da launin ƙoƙon nan, da waken da ke raye a can, duk bakinsu ɗaya.

Gwaggo ta daɗe tana kallon ƙoƙon. Sannan ta karkata goran ta zuba kaɗan a tafinta. Waken ya fito fari-fari da toka, domin a cikin toka take ajiye iri don kada ƙwari su huda shi. Ta ce, "Ikon Allah. Ita ke tsare mini shi a ɗaka, ita kuma ta ba da shi a gona." Taubashina ya jingina sungumi ya tsuguna, ya dafe kai. Na saba tsokanarsa a kan komai, amma ranar ban iya ba, don na ga idonsa ya kawo ruwa. Gwaggo ta ce masa, "Tashi, kai hutu ka nufe ni da shi."

Shawarar Malama mai sauƙi ce a baki: a shuka sauran irin a inda waken kasuwa ke yaɗo, tunda shi ya riga ya gwada ƙasar, gayauna kuma a ba ta dawa bana. Amma a ƙauye abin ba haka yake da sauƙi ba. Abin da ya fito a gandu na rumbun gida ne, mai gida ke da iko da shi, ba a ware wa kowa. Ga shi kuma Gwaggo ba ta taɓa shuka ko ƙwaya ɗaya a wani wuri ban da gayaunarta ba. Taubashina ya share fuska, ya ƙwala wa maƙwabtan gona kira, dattawa biyu suka zo da ƙasa a ƙafafunsu. A gabansu ya ce su shaida, bana daga gindin aduwar can zuwa surin can na mahaifiyarsa ne, ko kara ɗaya ba zai shiga rumbun gida ba. Suka ce sun shaida, Allah ya yi albarka, suka koma.

Gwaggo ta tsaya a bakin gayaunar tana kallon baƙar ƙasar nan da ta yi rayuwarta tana yi wa hidima. Ba wanda ya ce mata ta yi sauri. Can ta gyara ɗaurin zane, ta juya ta nufi jar ƙasar malalata. Na miƙa hannu zan ɗaukar mata goran, ta ce hannun da ya saba da baƙin mai ba ya taɓa iri. Amma ta bar ni ina bin ta ina rufe ramuka, tana waiwayowa tana gyara duk wanda na rufe.

Da goran ya kusa ƙarewa sai ta tsaya. Ta yage bakin tsohon kallabinta, ta ƙulle ɗan abin da ya cika tafi, ta miƙa wa Malama. Ta ce, "Riƙe wannan, 'yar nan. Yau na ga abin da ke hannu ɗaya bai da wuyar ƙarewa." Na yi gyaran murya don a tuna akwai ɗan gida a wurin. Gwaggo ta ce in aka ba ni, kafin Bakin Birji na sa an dafa.

Mun ci dambu da fura a gindin aduwa, muka yi sallama, muka kamo hanya da la'asar. Da muka hau kwalta na waiwaya, gonaki sun yi luf bayan ruwa, mutane na komawa gida da sungumi a kafaɗa. Mun shigo Damagaram ana kiran isha'i, ƙafata ɗaya da takalmi, ɗayar da silifas ɗin taubashina.

Abin da na koyo a tafiyar nan ba mai yawa ba ne, amma ya zauna mini. Mutum biyu suka yi wa gona ɗaya alheri, ɗaya da toka, ɗaya da magani, kowannensu da kyakkyawar niyya, haɗuwarsu ce ta zama ɓarna. Kafin ka zuba wa ƙasa abu, ka tambayi abin da aka riga aka ba ta. Na kuma ga cewa ilimi sai ya durƙusa ya yi gaisuwa sannan ake buɗe masa ƙofa, kuma masu irin ilimin nan muna da su a unguwanninmu, muna wuce su kullum ba mu san darajarsu ba.

Na jinkirta rubuta muku wannan ne don ina tsoron in yi murna da wuri, tunda na farkon ma ai ya tsiro lafiya kafin ya mutu. Jiya da hantsi ina shago taubashina ya kira. Ya ce layukan da aka zuba a gayauna kafin mu iso sun yi rawaya sun kwanta, kamar na farko. Ban iya tambayarsa sauran ba. Sai na ji ana kokawar karɓar talho, muryar Gwaggo ta fito da ƙarfi, don har yanzu ta ɗauka sai an ɗaga murya ake ji a birni.

"Kana ji na? Ka je ka gaya wa 'yar nan, ya wuce inda 'yan'uwansa suka tsaya. Ya fara yaɗo."